Kwalba Ta Goma Sha Biyu

A bayan layin dogo na Agege,
inda in jirgi zai wuce kwalabe kan soma hira a kan kanta,
nan Sallau ya kafa teburinsa,
tsakanin mai facin taya da Iya Risika mai tuyar doya.

Ranar da na fara, koriya ya miƙo min,
ta wani lemo da aka daina yi tun ban san Ikko ba.
Ya ce, wanke.
Na wanke. Ya ce, sake.
Sannan ya murza yumɓu ya yi ɗan awarwaro,
ya manna kusa da gindinta, ya tsiyaya ruwa a ciki,
tafkin da bai cika cokali ba.

Ya ce, Ila, gilashi ba katako ba ne.
Katako ka soke shi ya yafe maka.
Wannan lallashi yake so,
a ci shi kaɗan-kaɗan kamar bashin maƙwabci.
Kar ka danna. Nauyin injin ya ishe ta.

Na danna.
Ƙas!
Tsaga ta haura daga gindi har wuya
kafin in rufe bakina.

Goma sha ɗaya na kashe a mako biyu.
Bai zage ni ba, da ma ya zaga.
Jera su ya yi a kan katanga,
Iya Risika tana ƙirga su da Yarbanci kowace safiya,
tana dariya har man kaskonta na fantsama.

Ta goma sha biyu ruwan ƙasa ce, mai kauri,
wani ɗan bola ya kawo ta daga Oshodi, naira hamsin.
Na ɗora bakin injin a karkace, na miƙe shi a hankali.
Ruwan ya koma fari kamar tsinkakken koko.
Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta.
Muka zauna. Sallau ya ci goro.
Hadari ya taso daga wajen teku, ya fasa zuwa.
Mai faci ya tada janareta, ya ara mana waya ɗaya.

Can kusa da ƙarshe muryar ta sauya,
daga kukan sauro ta koma tsaki.
Sallau ya dafa gwiwar hannuna.
Ya ce, nan ake asara.
Mutum ya hango fita, sai ya tura.
Sassauta. Ƙara sassautawa.
Yi kamar ba ka son isa.

Ƙyal.
Ɗan faifan gilashi ya faɗa ciki,
bai kai tsohon kwabo ba.
Na sa ido a kafar, na hango duk titin a zagaye:
danfo mai ruwan ɗorawa, ƙafar wata mata, rabin akuya.

Muka zura waya, muka ɗaura ƙwai a bakinta.
Wata mai gidan abinci daga Lekki ta saye ta dubu tara,
bayan ta yi ciniki kamar za ta yi kuka.
Ban taɓa ganin inda take haskawa ba.

Shekara bakwai ke nan.
Hannun Sallau ya soma rawa, idonsa ya yi yana.
Ba ya taɓa inji yanzu.
Yana zaune a kan benci da gwangwanin madara
cike da 'yan faifan da muka cire,
yana karkaɗa shi in jirgi ya makara.

Wani dare nakan ji garin nan a haƙarƙarina,
yana juyawa, yana ci, bai danna ba tukuna.
Ban sani ba ko fitila yake nufin yi da ni.

Da safe na ɗora inji a kan wata shuɗiya.
Sallau bai ɗago kai ba, kunne kawai ya karkata.
Ya ce, ta yi zafi.
Ƙara mata ruwa.