Sunan Babana a Bakin Ɗaliba

Jiya a ƙofar Kongo ina jiran Keke ya cika,
wasu 'yan mata biyu na bitar jarrabawa,
ɗaya ta runtse ido tana jero shari'u kamar hadda,
sai ga sunan babana ya faɗo daga bakinta:
"Tanimu da Ɗankande, hukuncin rijiya."

Ta zarce na gaba, ko numfashi ba ta ja ba.
Ni ko na ƙame, kamar an ɗaure ni da igiya.

Yarinya, Tanimun nan mutum ne.
Gajere, duƙon allura ya ɗan tanƙwara masa baya,
aska takwas yake ɗinkawa a zaurenmu bayan Kwarbai,
goro ɗaya kan kai shi la'asar.
Ko akuya ta ci masa zare ba ya ɗaga murya.
Sai ran da muka wayi gari katangar bulo
ta haɗiye rijiyar unguwa, har da bakin hanya.

Ɗankande ya ce saya ya yi, ga takarda, ga hatimi.
Baba ya ce, "Da ruwan nan aka yi min wankan jego da uwata,
da shi aka wanke gawar kakana.
Wa ya sayar maka da ƙishin mutane?"
Aka ce, "Malam, wannan ba hujja ba ce,
je ka nemo lauya."

Kekensa ya fara tafiya.
Sai tunkiyar Inna, sai gonar Dakace.
Yau alƙali ya je taro, gobe fayil ya yi ƙafa,
jibi ana yajin aiki, gata an yi masa canjin wuri.
Na shiga firamare ana cewa an ɗage,
na yi gemu ana cewa an ɗage.
Daga nan sai Kaduna, motar asuba, rogo a aljihu,
ya zauna a benci ana turanci a kansa,
ba ya tsintar komai sai sunansa,
ya dawo ya ce mana, "Da sauran tafiya."

A shekara ta sha huɗu ya kwanta dama.
Lauya Dalhatu ya zo gaisuwa da takarda a hammata,
na sa hannu inda babban yatsan Baba ke dangwalawa.
Gadona ke nan: allurai tara da shari'a ɗaya.

Ta sha tara, daga Abuja magana ta iso:
abin da unguwa ta gada tana sha,
hatimi ba ya mai da shi na mutum ɗaya.
Muka fasa katanga, mata na guɗa.
Na zura guga da hannuna,
ya dawo da leda, da kwalba, da busasshen kwaɗo.
Wani ya ce, "An ci shari'a, an rasa ruwa."
Har yau a wajen 'yan garuwa muke saye.
Inna ba ta tanka ba, ta koma ciki da tsintsiya.

Na riƙe haushin nan shekara biyu,
sai wani dattijo daga wajen Soba ya yi sallama,
da goran zuma, da zabi biyu a ɗaure.
Ya ce, "Nan ne gidan Tanimu?
An shinge mana mashaya, shanu na kuka,
lauyanmu ya ambaci sunansa gaban alƙali,
aka cire waya."
Bai san Baba ya rasu ba.
Muka kai shi makabarta, ya daɗe a tsugune,
ni na kasa haɗa ido da kabarin don kunya.

Keke ya cika, ɗalibar ta matsa min.
Ta ce, "Baba, lafiya kake kallona?"
Na ce, "In Tanimu ya fito miki gobe,
rubuta abin da aka koya miki.
In kuma takarda ta yi saura,
ƙara da cewa farin goro yake so,
kuma bai sha ruwan ba."
Ta yi dariya, ba ta gane ba.
Na biya mata kuɗin mota, na sauka a Ƙofar Doka,
na ƙarasa da ƙafa cikin Zariya.