Safar Tanimu

Sau goma sha ɗaya na ɗinke safar nan
a rumfata ta Idi-Araba, gefen kwata.
Fatar ta sha gumi har ta yi baƙi, ta yi laushi
kamar kunnen tsohuwar akuya.

Tanimu ne mai ita.
Shekara goma sha tara yana tsaye
tsakanin turke na biyu da na uku
a filin Surulere, inda ruwa ke kwana
in damina ta yi fushi.
Ƙwallon gora, wa ya san shi a garin nan?
'Yan kallo ba sa cika danfo biyu,
albashi kuwa sai an yi bikonsa.

Amma in ƙwallo ya taso yana tsalle
kamar fara a kasko,
shi ke durƙusa masa,
ya cafe, ya juya, ya jefa
kafin mai gudu ya haɗiye yawu.

Yatsu uku sun karkace.
Gwiwa na kuka kamar ƙyauren shago.
Ran sunan 'yarsa
da hantsi ya raba goro, azahar yana fili.
Yara huɗu aka kawo su gaje shi:
biyu sun gaji da jira, ɗaya na dako a Apapa,
na huɗun ya ƙi barin benci.

Jiya ya zo, ba don faci ba.
Ya ɗora ta a cinyata, ya ce,
"Baduku, rage mata faɗi,
hannun yaron nan ƙarami ne."

Na ɗauki basilla.
Na daɗe ban huda ba.