Baƙon Bilhatu

Yau ma ruwa ya sauko a Asawase,
irin ruwan Kumasi da ba ya sallama.
Har na ɗora tukunya a kan gawayi
kafin na tuna babu sauran gaɓar da zan gasa.

Shekara arba'in da shida, Anti Bilhatu.
Likitan da ya ce ba za ki ga ashirin ba,
ke kika ɗinka wa matarsa baƙin zanen makokinsa,
kika ƙi karɓar ko sisi.

Amosanin jini, in ji katin asibiti.
Ke kuwa Baƙona kike ce masa.
"Baƙona ya iso, Mutala, ja min taga,
ka ce wa mai shuɗin leshi ta dawo jibi."
Sai ki ciji gefen matashi,
idanu su yi ɗorawa, gumi ya jiƙa tabarma,
ni ɗan koyo ina tsugune da tsumma mai zafi,
ina jin sunan Yesu yana fita ta tsakanin haƙoranki
guntu-guntu, kamar zare mai tsinkewa.

Wata rana haushi ya ci ni, na ce,
"Duk wannan zuwa coci, ina amfaninsa?"
Na zaci za ki jefe ni da almakashi,
don bakinki ma almakashi ne, kowa ya sani.
Kika daɗe shiru, sannan kika ce,
"Wanda aka buga wa ƙusa a tafin hannu,
ba sai na yi masa bayanin ciwo ba."
Amma na ji ki wasu dararen kina yi masa faɗa,
faɗan wanda ya san ba za a kore shi daga gida ba.

Da azumi, tunda ciwo ya riga ya sace miki barci,
ke ce mai buga ƙofofinmu da sandarki:
"Ku tashi, Musulmin Allah, asuba za ta kama ku!"
Ga koko ya dahu, ga ƙosai a rufe da faranti.
Liman ya ce ladanin unguwa biyu ne,
ɗaya dai da gicciye a wuya.

Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin keken ɗinki.
Abin da ya shiga da safe ba ya kwana.
'Yar kayaye da ta sauka Kejetia ba ta san kowa ba,
Akosua mai lemu da aka kwashe wa tire,
kuɗin jarabawar ɗan Baba Seidu,
har kuɗin allurarki, ranar da muka yi rigima.
Kika ce, "Nawa ciwon ya san hanya, zai dawo.
Jarabawa kuwa sau ɗaya take zuwa."

Ranar da muka kai ki, mota ba ta ishe mu ba.
Masu farar hula suka tsaya a bakin coci,
matan zumunta suka matsa, aka ba su benci.
Aka yi kuka da Hausa, aka yi da Tuwi, aka yi da Farafara,
hawayen dai ɗanɗanonsu ɗaya.

Bayan kwana bakwai na buɗe gwangwanin.
Sidi uku, maɓalli huɗu, da 'yar takarda:
awon kafaɗa da tsawon hannu
na wani yaro da ba ki rubuta sunansa ba.

Na yanka yadin makaranta a kan awon, na ɗinka.
Tana rataye a ƙusar da kike rataye mayafinki.
Duk yaron da ya wuce ba riga, sai in kira shi in gwada.
Uku ta yi wa yawa, ɗaya ta matse shi.
Duk huɗun na ɗinka musu nasu.