Faratan Canelo

Shekara goma sha uku
matakalar Valparaíso ce ke yanke masa farce.
Taki ɗari da sittin daga ƙofarmu zuwa wurin masu kifi,
dutse yana ci kaɗan-kaɗan,
ba mu sani ba, balle mu gode.

Bara ƙugunsa ya ƙi.
Yanzu iyakarsa baranda,
yana kallon jiragen ruwa suna shiga suna fita,
faratan kuwa suna ta tsiro, suna lanƙwasa,
har tafiyarsa a kan katakon ɗaki ta zama magana:
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
ga ni nan, ina ruwana, wa ya buɗe firji.

Ran Lahadi Eulalia ta ce, yau dai.
Ta shimfiɗa tsohon bargo a gaban taga,
ta gutsuro cuku ta ɓoye a tafin hannu.
Ni na sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya.

Da farar ƙumba ce da sauƙi,
ka ga jan jijiya a ciki, ka san inda za ka tsaya.
Tasa baƙa ce wuluk.
Yanka kake a duhu,
ka ɗan tsinke baki, ka duba, ka sake,
kamar mai fere fensirin da ba nasa ba.

Na ɗaya ya faɗi a bargo. Na biyu ya yi tsalle ƙarƙashin kujera.
Ƙafarsa a hannuna tana ɗumi,
tana warin ƙasa da gasasshiyar masara.
Eulalia na yi masa hirar ƙanwarta da tsadar gas,
yana saurare da kunne guda.

A na bakwai ne hannuna ya zarce.

Ƙara ɗaya ya yi, gajeriya.
Jini ya fito, ɗigo, sai wani ɗigon,
ya fi abin da na zata ja.
Ta ruga kicin ta ɗebo garin masara,
na danna a wurin, ina ƙirga, ina ba shi haƙuri
da harshen da bai taɓa buƙata ba.
Bai janye ƙafar ba.
Wuyan hannuna ya lasa,
sai ka ce ni aka yanka.

Sauran muka bari sai Laraba.
Laraba muka gama, ba jini, cukun ya ƙare.

Yanzu gidan tsit.
Yana wucewa kamar inuwar labule.
Jiya da tsakar dare na farka,
na kasa kunne, ban ji ƙwas ba,
iska kawai daga teku tana taɓa kwanon rufi.
Na sauko da ƙafa a hankali ina lalube,
sai na taka wutsiyarsa.

Ya yi tsaki irin na tsofaffi,
ya gyara kwanciya.