Mai Ruwan Bene

A Ketu, bayan gadar masu tafiya a ƙafa,
akwai wani bene mai hawa uku.
Ni ke buɗe ƙofarsa da asuba, ni ke rufewa,
shekara tara ke nan.

Hawan ƙasa na masu fararen riguna ne,
ba sa shiga da takalmi.
Na tsakiya namu ne, mu 'yan Arewa,
da littafin waƙoƙinmu da ya sha gumi ya ƙoshi.
Na sama kuwa na wani matashin fasto ne
da ya ɓalle daga cikinmu bara waccan,
ya tafi da ganga biyu da rabin mawaƙa,
ya ce Ruhu ne ya ce masa ya hau.

Ran Lahadi lasifika uku ke kokawa,
mu a tsakiya kamar harshe tsakanin haƙora.
Sunan da ake kira ɗaya ne,
amma kowa na jan sa gefensa
kamar mayafi ɗaya a kan 'ya'ya uku.

Filibus ke kawo mana ruwa,
jarka goma a kura, tun daga Alapere,
yana jan ƙafar hagu.
Na ƙasa su sa wa ruwan albarka su ɗura a kwalba,
mu mu cika kwami mu nutsar da sabon tuba,
na sama su ce nutsarwarmu ba ta yi ba,
sai an sake, a hannunsu.
Shi dai ya juye jarka ya karɓi kuɗinsa,
wani lokaci ya zauna a matakala
yana bin waƙar da ta fi kusa da kunnensa.

Na taɓa tambayarsa, kai na wane hawa ne?
Ya yi dariya ya ce, "Barnaba, ni na matakala ne."

Ran wata Laraba da damina
danfo ta kwashe shi a kwanar Ikosi.
Jarkuna suka watse, ruwan ya bi kwata.

Kwana goma sha ɗaya yana kwance a sanyin asibiti,
kuɗin ajiya na hawa kamar farashin mai.
Dattawanmu suka buɗe rajista:
ba sunansa, ba katin baftisma, ba zakka.
Na ƙasa suka ce bai taɓa sa farar riga ba.
Na sama ya ce zai yi jana'iza
in za a buga sunan cocinsa a takardar gayyata.
Sau uku aka zauna a kan wa zai yi wa'azi,
wa zai yi addu'ar rufewa,
aka tashi baram-baram,
ko lemon da aka saya ba a sha tare ba.

Matan kasuwar Mil Sha Biyu ne suka gaji.
Briskila mai tattasai ta kwance bakin zaninta,
Iya Tope ta hawan ƙasa ta kawo nata a leda,
wata yarinya daga mawaƙan sama ta zo a ɓoye,
ta ce don Allah kar fasto ya ji.
Alhaji Mamuda, direban motar albasa,
da zai koma Arewa ba kaya,
ya ce a sa shi, ba zai karɓi ko sisi ba.

Da dare muka ɗora akwatin tsakanin kwanduna,
ba fasto ko ɗaya.
Aka ce in yi addu'a, ni mai gadi.
Na fara wadda aka koya mana tun muna yara,
sai na ji tana tashi da Yarbanci a hagu na,
da Turanci a bayana.
Ba mu ƙare a tare ba, amma mun ƙare.

Lahadi ta zagayo.
Lasifika uku suka tashi yadda suka saba.
Wajen ƙarfe goma wani dattijo ya leƙo ta taga:
"Barnaba, yau ba ruwa ne?"
Na ƙasa suka aiko yaro, na sama ma haka.
Kurar na nan inda na jingine ta bayan janareta,
taya ɗaya a lanƙwashe.
Na ce musu mai ruwa ya tafi gida,
na ɗauki tsintsiya na hau sharar matakala.