Awar da Muke Cirewa

Agogo biyu ne a bangon ofishinmu,
tashar auna yanayi, gefen filin jirgin Sakkwato.
Na hagu namu ne, shi ke tashe mu salla.
Na dama na duniya ne,
kullum yana baya da awa ɗaya
kamar ƙanen da aka ce ya biyo sawu.

Ran da na kama aiki Malam Shi'itu ya ce,
"Luba, aikin ga ba wuya.
Duk abin da za shi littafi, cire mai awa guda.
Gari ya ce sha biyu, ke rubuta sha ɗaya.
In saƙo ya zo daga waje, maida mai awarsa
kafin ki buɗe baki."
Shekara tara ina cirewa, ina maidawa,
har hannuna ya iya ba da sanina ba.

Baba bai taɓa yarda ba.
Manomin albasa ne a fadamar Kwalkwalawa,
lokacinsa hantsi ne, da walaha, da almuru.
"Wagga awa da kuke cirewa, ina kuke kai ta?
Gwamnati ta gina mata rumbu?"
Wata Jumma'a ya kafa kara a tsakar gida,
muka zauna muna gadin inuwa.
Sha biyu ta buga, inuwa ba ta gama tsukewa ba,
sai wajen ɗaya saura kwata ta shige gindin karan.
Ya yi dariya har da tari:
"To ga shi. Naku da nasu duk shaidar zur ce,
rana ba ta sa hannu ba."

Daren da nake son faɗa
bazara ce, ina aikin dare ni kaɗai,
fanka tana juya zafi daga kusurwa zuwa kusurwa.
Waya ta yi ƙara. Sahabi ne.
Bai yi sallama ba, sai salati.
Na ɗaga kai:
na hagu, sha biyu da minti ashirin, Laraba ta shigo.
Na dama, sha ɗaya da minti ashirin.
Talata.

A littafina Talata ce har yanzu,
Talatar da ya sha fura da rana,
ya ce nonon ya cika tsami,
ya aiki jikansa neman batirin rediyo,
ya tambaya ko na ga hadari a na'urata.
Na san lissafi. Na san lokaci ɗaya ne
aka raɗa wa suna biyu,
ba a cire awa daga mutuwa.
Duk da haka na juya kujera,
na ba na hagu baya.
Minti arba'in suka rage mini
na ranar da nake da uba,
na ci su a hankali, kamar guzurin ƙarshe.

Ƙarfe ɗaya na gari, duniya ta koma sifili.
Lokacin babban awo ne, ba ya jiran mai makoki.
Na ɗauki tocila na fita.
Zafi talatin da uku.
Iska daga kudu maso yamma, mai ƙamshin ƙasa.
Walƙiya can nesa, wajen Boɗinga.
Na dawo na rubuta sifili huɗu a jere,
na sake kwanan wata da hannuna,
sannan kukan ya zo.

Kabu-kabun asuba ya kai ni gida.
Karan yana nan inda ya kafa shi,
wani ya rataya masa tsumma.

Inna ranar Laraba take yi masa sadaka,
haka unguwa ta shaida, haka likita ya rubuta.
Ban taɓa yi mata gardama ba.
Ni dai tun daren Talata nake sayen masa,
in raba wa masu gadin ƙofar filin jirgi.
Ba su taɓa tambaya ta mece ce ba.