Ɓari Ɗaya

A Guimaras aka yanke mini cibiya,
tsibirin da mangwaro ke sa riga.
Rodel kan hau tsani da tsohuwar jarida,
ya naɗe kowanne tun yana ɗanye
don kada ƙuda ya riga mu.
Bana rassan sun sunkuya don nauyi,
ni ma haka, wata bakwai.

Ran Talata na bi jirgin ruwa zuwa Iloilo.
Aka ba ni wani ruwa mai zaƙin tsiya,
na shanye, na zauna awa biyu ina gadin agogo.
Likita ta dubi takarda, ta dube ni:
"Luzviminda, sugan goyon ciki ne.
Ba laifinki ba ne, aikin mabiyiya ne."
Na ce, to shinkafa fa?
Ta kama hannuna ta dunƙule shi: "Iyakarki ke nan."
Na ce, to mangwaro fa?
Ta yi murmushin wadda ta san inda ke ciwo.

Yanzu sau huɗu nake huda yatsa.
Ɗigon jini, ƙanƙane kamar ƙwayar barkono,
shi ke yi mini shari'a.
Casa'in da biyu da asuba, na sha.
Ɗari da sha takwas bayan abincin rana, na sha da ƙyar.
Ina rubutawa a bayan littafin cinikin Rodel,
lambobina suna maƙwabtaka da farashin kwando.

Nanay Consorcia ba ta yarda ba.
"Mai ciki baki biyu take ciyarwa,"
ta tula mini farar shinkafa kamar kabari.
Na ɗebe, ta ƙara, na ɗebe.
Kwana uku cokula kaɗai ke magana a gidanmu.

Ba zan ɓoye ba, akwai wani dare.
Ƙamshin kwanduna ya biyo ni har gado.
Na fita ba takalmi, na tsaya bakin randa,
na sha uku, ruwan na bin guiwar hannuna.
An ce kwaɗayi mabuɗin wahala,
ba wanda ya ce mabuɗin yana da ƙamshi haka.
Ɗari da saba'in da huɗu.
Yarinyar ta yi ta dakan haƙarƙarina har asuba.
Na so in rage lambar,
sai na rubuta ta yadda take.

Nanay ce ta gani. Ta daɗe tana kallo.
"Ke ma da zaƙi na raine ki a ciki," ta ce.
"Kilo huɗu da rabi. Kwana biyu ina durƙushe,
ungozoma har ta aika a kira fada."
Ba ta ƙara ba.
Washegari na iske zogale a cikin romon kifi,
kuɓewa, ganyen dankali, ƙwai guda,
da shinkafa a ƙaramin kofin da take shan magani.

Yanzu ci shida nake yi, ƙanana,
kamar kaza mai tsince-tsince.
Bayan kowane, mu bi bakin teku ni da ita,
daga ƙofar coci zuwa inda ake shanya taru,
ita tana ƙorafin guiwa, ni ina ƙorafin baya.

Ƙarfe goma na safe kuwa
Rodel kan yanko mini ɓari ɗaya,
ya haɗa da gyaɗa cikin tafin hannu.
Nakan sha da ƙaramin cokali,
a hankali, ido rufe.
Shekara talatin ina shan mangwaro,
sai bana na san ɗanɗanonsa.

Kafin ki iso, 'yata, kaka za ta wuce,
rassa su miƙe, ni ma in miƙe.
Za su sake awona bayan sati shida.
Ɗaya ɓarin, kakarki ke shanyewa,
tana juya mini baya don kada in gani.